Baba Ya Ɓace a Filin Jirgi

Yaya Sale,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya ƙafar Hajiya? Wayarka ba ta shiga, sai na ba direban Kuseri wannan takarda.

Ran Asabar na kai Baba kallon gasar jirage, karonmu na farko. Jirage na alkafura, duk garin Garwa ya ɗaga kai, ni kuma shehin malami ina yi wa wasu mahauta bayani. Da na sauke ido, babu Baba.

Asibiti da komisariya ta 'yan sanda shiru. Wata mai ƙosai ta ga tsoho a hanyar Pitowa yana kora shanun da babu su. Ka san mantuwarsa.

Kai ka yi fataucin shanu da shi. Don Allah, ina yake shayar da garke a da? Can zan nufa.

Gai da yara. Ku yi addu'a.

Ƙaninka,
Bala