Marin da Ka Yi Mini a Gaban Surukina

Zuwa ga aminina kuma abokin sana'ata, Bulus, a Fatakwal.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yarka Rifkatu da maigidanta da yara. Na san idon ya yi rauni, ita za ta karanta maka. Ka ce mata ta ɗaga murya, don kunnen naka ma ban yarda da shi ba, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana dukan ƙarfe. Mu nan Karshi lafiya lau, gwiwa ce kawai take yi mini gardama in zan miƙe daga salla.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, shekaranjiya da hantsi ina zaune a zaure na ji a rediyo ana zancen wata doka da ke gaban majalisa, wai a riƙa duba tukwanen gas da ake shigowa da su daga ƙasashen waje kafin su shiga hannun jama'a. Iya abin da na fahimta, za a duba shekarun tukunya, a gwada ƙarfinta, wadda ta gaji a hana ta shigowa. Na yi ta dariya ni kaɗai har matata Hajiya ta leƙo ta ga ko lafiya. Na ce mata ai ni na san dokar nan tun ba a haifi masu yin ta ba, sunanta Bulus, kuma hannunta da nauyi.

Ka tuna rumfarmu ta bakin kasuwa, a gindin ɗorawa? Lokacin in an ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi, Wuse kuwa ƙauye ne da ake zuwa sayen doya. Ni na zo da guduma da zugazugi, gadon gidanmu, kai ka dawo daga aikin kuza a Jos da ilimin walda a kanka da 'yan kayan aiki a buhu. Muka haɗa hannu. Keke, garma, ƙafar gadon ƙarfe, motar katako in wani abu ya karye mata a hanyar Keffi, duk wurinmu ake kawowa.

Tukunyar iskar da ke ƙara wa wutar walda ƙarfi, wadda kake kira oksijin, daga ƙetare take zuwa, ta bi hannu goma kafin ta iso mu, kuma ba wanda ya duba ta a hanya. Wata ta zo da sabon fenti a kan tsohuwar tsatsa, wata da rubutun da ko malamin makarantar garin bai san na wace ƙasa ba ne. Kai ne kwastan ɗinmu, kai ne injiniya. Sai ka kankare wuyanta da wuƙa ka karanta lambobin da aka buga, ka ƙwanƙwasa cikinta da sifana ka kasa kunne, ka shafa ruwan sabulu a bakinta ka zuba ido ko zai yi kumfa. Ni kuwa ina tsaye ina mita, rana tana yi, mutane suna jira. Sau biyu ka mayar da tukunya ka ce ba za ta kwana a rumfarmu ba, muka yi kwanaki ba aiki, ina ta ce maka matsoraci.

Sai ranar nan ta kasuwa, wata uku da aurena. Surukina Malam Audu ya kawo kekensa da ya karye a wuya, ya zauna a kan benci yana jan carbi. Kai ka zagaya bayan rumfa wanke hannu. Ni kuma ina so in nuna wa dattijo cewa 'yarsa ba ɗan kallo ta aura ba. Na kama kan sabuwar tukunya zan buɗe, ya ƙi motsi. To, ni ɗan maƙera ne. A gidanmu ƙarfen da ya cije, maganinsa man kaɗe, haka na ga kakana yana yi, haka na ga ubana. Na jawo gwangwanin man na lakato da yatsa.

Ban ga zuwanka ba, saukar mari kawai na ji. Hulata ta faɗi can, gwangwani ya yi nasa wuri, gefen kasuwar nan ya yi tsit. Ka kama hannuna kana goge yatsan da rigarka, kana cewa, "Sale, wannan tukunya ba ya shan mai. Kana so ka kashe mu duka?" Maganar ta shiga ta kunnen nan ta fita ta wancan. Abin da na gani kawai shi ne surukina ya sunkuyar da kai, ya tashi a hankali, ya tura karyayyen kekensa ya tafi.

Nan take na rantse da Allah ba zan ƙara aiki da kai a rumfa ɗaya ba, na kwashe kayana. Sau uku ka biyo ni gida, sau uku na sa a ce maka ba na nan, alhali kana ganin takalmana a bakin ƙofa. Na ji haushinka, Bulus, irin wanda ban taɓa ji a kan kowa ba. In na hango surukina a hanyar masallaci sai in canza lungu.

Na ƙudura zan buɗe tawa rumfar a Keffi, ka ga ko ba kai zan iya. Na hau mota sai Jos, wurin da ake cika tukwanen. Mai kula da wurin wani dattijo ne, girarsa ɗaya babu. Muna zaune na ba shi labarinka kaf, ina jiran ya taya ni zaginka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗaya kawai ya yi maka?" Ya nuna mini rufin wurin, inda aka yi faci da sabon kwano, faɗinsa ya kai tabarma. Ya ce hannu mai maiƙo ne ya taɓa bakin tukunya, don iskar nan in ta haɗu da mai ba ta jiran ashana. Ban tambaye shi labarin mai hannun ba, shi ma bai faɗa ba.

Na dawo ba tukunya. Duk tsawon hanya tunani ɗaya nake yi, su wa ke kusa da ita ran nan. Ni, da kai, da surukina, da matan Fulanin da ke sayar da nono a inuwar ɗorawar da goyonsu a baya.

Bayan kwana biyu na shigo rumfa da gudumata kamar jiya na fita. Ka matsa mini wuri. Keken Malam Audu ne aikin farko da muka yi. Kai ka je ka ɗauko shi da kanka, ka durƙusa ka ba shi haƙuri a kan laifin da ba naka ba. Dattijon ya ce ai shi tun ranar ya gane wane ne babba a rumfar. Har ya koma ga Allah, in ya aiko da aiki cewa yake a kai wa Bulus, kuma wallahi hakan bai taɓa yi mini ciwo ba.

Shi ya sa zancen dokar nan ya faranta mini rai. Yanzu tukunyar gas ta shiga ɗakin girkin kowa, daga Kuje har nan, ana ɗaure ta a bayan babur kamar buhun masara, kuma ba kowane gida ne ke da irinka ba. In an yi dokar, fatana a ba masu taurin kai irin naka aikin dubawar, waɗanda za su mayar da tukunya ko mai ita zai yi fushi ya daina gaishe su. Mu dai mun ci arzikinka, mun tsufa da yatsunmu goma, mun aurar da 'ya'ya, ga jikoki suna hana mu barcin rana.

Saura magana ɗaya. A makon da na dawo ka ga ina azumi kwana uku a jere, ba watan azumi ba, ga zafin bazara, ga wutar walda. Ka daina cin doyarka a gabana, kana zagayawa baya da kwanonka. Ka tambaye ni, na ce maka nafila ce. To, ba nafila ba ce. Liman na samu na ce masa na yi rantsuwa kuma ina so in karya ta. Ya ce in ciyar da mabuƙata goma, in ba hali in yi azumi uku, hali kuwa babu a lokacin. Kaffara ce, Bulus, ta komawa wurinka. Girman kai ne ya hana ni faɗa maka duk shekarun nan. Da liman ya ce talatin ne, da na yi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka maka idanunka, ya albarkaci zuriyarka, ya kare gidajenmu daga sharrin wuta. Allah ya sa mu sake ganin juna da rai.

Naka har kullum,
Sale Maƙeri, Karshi.