Bindigogi Biyu Daga Maƙerar Baba

Katuru, 12 ga Janairu, 2002

Ƙanena Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, yaya karatu da sanyin Lahore? Inna na gaishe ka, ta ce kullum ka ci abinci ko da bai yi maka daɗi ba.

Hankalinmu a tashe yake. Rediyo ba ta da magana sai ta Indiya da Pakistan, wai sun jibge soja a kan iyaka, kuma kowa na da makamin ƙare-dangi. Na karanta wasiƙarka har sau uku, inda ka ce mu kwantar da hankali, malamanku sun ce tunda kowanne na da bom ɗin, tsoro zai hana kowa farawa. Kai da ko zuga-zugi ba ka iya ja ba, yau kai ke koya wa maƙeri sha'anin makami! Amma maganar ta shige ni.

Ka san rigimar burtalin nan na bayan gari. Ɗantani ya ci rabinsa da garma, shanun Lado kuma suka shiga masa dawa kafin girbi. Watan jiya Ɗantani ya sa na ƙera masa bindiga harbi-ruga. Shekaranjiya sai ga Lado, ɗan'uwanka na nono, shi ma yana son tasa. Na so in hana shi, sai na tuna maganarka, na ce in kowa na riƙe da tasa, kowa zai ji shakkar ɗan'uwansa. Na ƙera masa, na buga mata tambarin Baba kamar ta Ɗantani.

Ka gaida abokan karatunka.

Yayanka,
Alhassan

Katuru, 20 ga Maris, 2002

Misbahu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna nan lafiya, sai zafi.

Maigari da limamin gari sun tara manoma da makiyaya, suka ce yanzu ana Shari'a, kowa ya kawo bindigarsa a ajiye, rigima a kai ta gaban alƙali. Aka sa ranar Juma'a, aka kira ni in duba abin da za a kawo. Wallahi abin dariya, abin kuka. Manoma suka kwaso tsofaffin bindigogin kakanninsu da tsatsa ta cinye, Fulani suka kawo guda biyu marasa kunama. Kowa na jira ɗayan ya fara. Ta Ɗantani da ta Lado ban gan su ba, kuma na yi shiru, don in na faɗi ta ɗaya dole in faɗi ta ɗayan, a ce ni na ƙera duka.

Wani abu na damuna da malamanku ba su sani ba. Harbi-ruga harbi ɗaya take yi, sake ɗura mata albarushi sai an zauna. Don haka kowa a ɗure yake yawo da ita, kuma ya san wanda ya riga harbi shi ne mai rai. Tambayar mini su ko bom ɗinsu ma haka yake.

Inna ta ce ka dawo. Ni ban ce komai ba tukuna.

Naka,
Alhassan

Katuru, 9 ga Yuni, 2002

Misbahu ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa wannan ta same ka da rai da lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Lado ya rasu ranar Alhamis. Yana hanyar kasuwar Shinkafi ya tarar da Ɗantani na shuka a bakin burtali. Matan da ke tafe da ƙoren nono a bayansa sun ce ya yi niyyar gaishe shi ne, a kashe maganar kafin damina ta kankama. Ka san Lado, ba ya gaida babba da abu a kafaɗa, ko sandarsa sai ya ajiye ya durƙusa. Ya kai hannu zai sauke bindigar ya ajiye. Ɗantani ya ga hannu ya nufi bindiga, ya riga shi.

Ɗantani na tsare, kuka kawai yake, yana rantsuwa tsoro ne ya kama shi. Na yarda da shi. Da aka shimfiɗa bindigogin biyu a gaban alƙali, tambarin Baba ne a jikin kowace. Ba wanda ya ce mini uffan, na gwammace a zage ni. Tun ranar ban hura wutar maƙera ba.

Ba laifinka nake gani ba, ni na riƙe guduma. Amma jiya na ji rediyo na cewa wasu ƙasashe sun umurci mutanensu su bar can. Kada ka sake rubuto mini cewa tsoro zai tsare ku. Na ga abin da tsoro ke yi da ɗan yatsa, kuma shi Ɗantani mutum ɗaya kawai tasa ke iya kashewa.

Ka bar jarrabawar nan, ka taho. Da na je gaisuwa ruga, gwaggo Salima, mahaifiyar Lado, wadda ta shayar da ku tare lokacin ciwon Inna, ba ta yi mini maganar bindiga ba. Ta riƙe hannuna ne kawai tana tambaya yaushe ɗanta da ya rage zai dawo. Na ce mata kafin a yi noman farko. Kada ka sa in yi mata ƙarya.

Allah Ya kawo mana kai lafiya.

Yayanka mai jiranka,
Alhassan