Fankar Laftof Ta Danne Muryar Baba

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Goggo? Mu muna nan unguwar Briketeri, korona ta rufe boda, ba shiga ba fita.

Tunda zuwa Kano ya gagara, ga jikin Baba ya yi tsanani, ya matsa a ɗauki wasiyyarsa, murya da hoto. Na shiga kasuwar Mokolo na zaɓo laftof, girman allo ya ruɗe ni, ban saurari fankarta ba. Da na buɗe manhajar ɗauka sai fankar ta hau ƙugi kamar injin markaɗe, ta danne muryarsa. Sau uku yana maimaitawa. Jiya ya ce numfashinsa ba zai kai na huɗu ba.

Don Allah wace iri zan canzo, wace manhaja ce marar nauyi? Ka amsa da wuri. A gaida Goggo, ku taya mu addu'a Allah Ya sa ku ji shi da kunnenku.

Ƙaninka,
Sani