Jacomijn Ta Ce Za Ta Tashi

Lahadi, 1 ga Satumba

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, ga naka: an shimfiɗa teburi, an ajiye gurasa, mai gida da kansa yana kira, mai yunwa kuma tana zaune ta zuba ido. Wa ya riƙe mata ƙafa? In ba ka sani ba, rufe mini littafi.

Yau fasto ya sanar, Lahadi mai zuwa Jibin Ubangiji, ranar da ake cin gurasa mai tsarki a teburin coci. Cocinmu kan cika maƙil, amma masu tashi zuwa teburin 'yan tsiraru ne. Mu sauran muna zaune muna tsotsar minti, muna kallon ƙeyarsu. A nan ba mai tashi sai wanda Allah ya yi wa magana a zuciya, ya ba shi aya tasa ta kansa. Tun ina budurwa nake jiran tawa.

Litinin, 2 ga Satumba

Muna cin abinci jikata Jacomijn ta ce, "Kaka, ran Lahadi zan tashi." Na ce, "Ki tashi zuwa ina, bayan gida?" Ko murmushi. Na ce to wace aya aka aiko miki, a wayarki ta shigo? Ta ce ba a aiko mata komai ba. "Masu yunwa ake kira, Kaka. Ni kuwa yunwa nake ji."

Ji mini. Yarinyar da jiya-jiya nake share wa majina.

Talata, 3 ga Satumba

Wanki. Maƙwabciyata Leuntje a wurin shanya ta samu tata ayar, wandon mijinta a hannu, kuma har yau ba ta bar kunnuwanmu sun huta da labarin ba. Ni na yi shanya har yatsuna sun karkace. Yau ma na tsaya tsakanin zannuwa na ce, ga ni, ya Ubangiji. Da gaske nake, ba wasa. Tsuntsun teku ne ya amsa, da kashi a kan farar rigar matashin kai.

Laraba, 4 ga Satumba

Na rufe ido na buɗe Littafi Mai Tsarki na sa yatsa. Sunayen 'ya'yan wani da jikokinsa. Na rufe.

Alhamis, 5 ga Satumba

Dattijon ikkilisiya, Wisse, ya zo. Labari ya riga ya kai masa, ban tambayi ta bakin wa ba. Na ba shi kofi da biskit, ya ce, "Inna Tannetje, ki ja wa yarinyar nan kunne. Wanda ya je teburin nan bai tabbata ba, hukunci yake jawo wa kansa." Na ce, "Dattijo, ni da ba a ba ni ko rabin aya ba, da wane bakin?" Ya ce ai ni da marigayi mijina mun san tsoron Allah, ba mu taɓa yin gaggawa ba.

Wato yabona yake a kan zama. Na rufe gwangwanin biskit tun bai ƙara miƙo hannu ba.

Jumma'a, 6 ga Satumba

Krijn, mijina. Duk yini shi ne a raina. Mutumin da ko saniya bai taɓa zagi ba, bai taɓa cin lomar da bai yi wa godiya ba, kuma bai taɓa zuwa teburin nan ba. A ciwon ajalinsa ya ce mini, "Tanne, kina ganin da ni a cikin masu tsira?" Na gyara masa matashi. Me zan ce?

In yarinyar nan ce da gaskiya, to mijina ya tafi da yunwarsa a banza ke nan. Shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Na faɗa mata: in kin tashi, kin ce kakanki wawa ne. Ta yi kuka. Ni kuwa na fere dankalin da zai ishi gidan biki.

Ya Allah, in kana jin tsofaffi, ka ce wani abu mana. Ko tsawa ce.

Asabar, 7 ga Satumba

Na goge mata baƙar rigarta. Don dai kada ta kunyata mu da yamutsattsiyar riga.

Lahadi, 8 ga Satumba

Fasto ya yi kira. Tsofaffin da muka saba gani suka miƙe. Jacomijn tana cikin benci, ni a baki, in ban janye gwiwa ba ba ta da hanya. Wisse ya kafa mini ido. Ta taɓa kafaɗata.

Na miƙe don ta wuce. Ta wuce.

Sai na ga ashe ina nan tsaye a tsakiyar hanya, jaka a hannu, coci duk ya yi tsit. Gwiwoyi ne, ba sa lanƙwasuwa da sauri yanzu. Leuntje tana can zaune a teburin, ta hango ni, ta matsa gefe ta bar wuri kusa da ita. Leuntje fa! Na koma bencina na zauna.

Mintin da na ciro tun farkon wa'azi, a tafin hannuna ya narke.

Litinin, 9 ga Satumba

Rufin coci bai faɗo ba. Ta kwana lafiya, ta karya da ƙwai.

Na ce, "To uwar azarɓaɓi, yaya gurasar take?" Ta ce, "Gurasa ce, Kaka, irin wadda kike saye." Na tambaye ta yaushe ne na gaba, ta ce Disamba. Tambaya kawai na yi.

Da la'asar na je kabarin Krijn na cire masa ciyawa. Na daɗe a tsugune. Akwai abin da ya kamata in gaya masa, bakina ya ƙi.

Kai mai leƙe, amsar ita ce ba kowa. Ba wanda ya riƙe mata ƙafa.