Sunan da Ke Kan Takardar Gidan Goggo

Manfuha, Riyad,
18 ga Nuwamba, 2018.

Zuwa ga 'yata Sahadatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ke da maigidanki Saidou da yara baki ɗaya. Ya aikin makaranta? Na ji an ba ki 'yan aji shida bana, na kuwa yi murna ƙwarai. Ki riƙe abin da na sha gaya miki tun kina zama a gabana da allonki: yaron da ya fi kowa shiru a aji, shi za ki fara koyon sunansa. Mu a nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Matata Hajar ta warke daga ciwon ƙafar da ya dame ta, sanyi kuma ya fara leƙowa. Na san za ki ce me ya hana Baffa ya kira a waya kamar yadda ya saba. Na ɗauki wayar ya fi sau uku ina ajiyewa. Maganar tana da tsawo, ba na son ki ji rabinta layi ya yanke, shi ya sa na rubuta, zan ba Buraima, wani ɗan garinmu, tun da jibi zai taso gida.

Maganar Goggo Delou ce, ƙanwar kakanki, wadda ke aiko miki da dabino da turare kowane azumi. Ba ki taɓa ganinta ido da ido ba, don haka bari in faro miki daga tushe. Ta bar Maradi shekara talatin da bakwai ke nan, ta biyo mijinta marigayi Baba Issoufou, wanda yake tuƙa wani Balarabe mota. A shekararsu ta uku ta haifi 'ya mace, a watan kuma matar maigidan ta haifi namiji ta kwanta ciwo. Goggo ce ta haɗa jariran biyu ta shayar. Tata 'yar ba ta cika shekara biyu ba Allah ya karɓi abarsa, ba ta kuma sake haihuwa ba. Yaron ya rayu, sunansa Nawaf. Har yau idan ya shigo sai ya sumbaci goshinta ya kira ta Yumma, wato Inna, ita kuma ta ce masa ɗan nema, ta tura masa kwanon tuwo. Yana cin miyar kuka fiye da ni, yana kuma jin zagin Hausa sarai ko da bai iya ramawa ba.

Shekara goma sha shida da suka wuce Baba Issoufou ya tattara gumin rayuwarsa ya sayi ɗan gida a unguwar Gubaira, ɗaki biyu da falo da tsakar gida kamar tafin hannu. Baƙo irinsa bai ga hanyar da za a rubuta gida da sunansa ba, sai ya yi abin da mutanenmu da yawa suka yi: ya nemi ɗan ƙasa amintacce. Wa ya fi ɗan da matarsa ta shayar? Nawaf yana da shekara goma sha takwas lokacin. Mahaifinsa ne ya kai shi ya sa hannu, shi hankalinsa yana kan ƙwallo. Daga baya mahaifin ya rasu, Baba Issoufou ma ya bi shi shekara uku da suka wuce, aka bar Goggo a gidanta, kowa na ce masa gidan Delou. A falon nan nake tara yaran 'yan'uwanmu ranar Juma'a da Asabar ina koya musu karatun Hausa, don wasunsu ko gaisuwa ba sa iya kaiwa ƙarshe sai sun zame cikin Larabci.

To, bana aka fara karɓar sabon haraji a ƙasar nan a kan saye da sayarwa, har da gidaje, amma aka ce ɗan ƙasa da zai sayi gidansa na farko hukuma za ta ɗauke masa. Kada ki ɗauka duk Balarabe mai kuɗi ne. Nawaf ƙaramin ma'aikaci ne, 'ya'yansa huɗu, a haya yake tun da ya yi aure, yaran duka a ɗaki ɗaya. Ya samu wani gida daidai ƙarfinsa, ya cika takardun neman a ɗauke masa harajin da kuma tallafin da ake ba marasa gida. Sai amsa ta dawo cewa ai yana da gida. Ya zo ya same ni a ƙofar masallaci, ya ja ni gefe. Ya ce wallahi ya manta da wannan sa hannun, a ransa gidan Yumma ne kawai. Ya roƙe ni kada in gaya mata.

A nan ne na yi abin da nake nadama. Kin san Baffanki da zumuɗin takarda. Na buga ƙirji na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba abin da bincike ba ya warwarewa, ai Baba Issoufou mutum ne mai tsari, ba zai rasa barin wata shaida ba. Na je na ce wa Goggo ina son ganin takardun gida don in adana hotonsu a waya. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da takardar mallakar, wadda a nan ake kira sakk, a naɗe cikin tsohon rawanin mijinta. Ta miƙo mini da hannu biyu tana cewa in yi a hankali, nan ne Issoufou ya zuba ƙashin bayansa. Ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa sanin abin da ke ciki ba. Na karanta daga sama har ƙasa, na juya baya, na sake karantawa. Akwai tsawon gidan da faɗinsa, akwai maƙwabcin gabas da na yamma, har faɗin lungun an rubuta. Sunan Issoufou ko na Delou babu shi ko a gefe.

Duk da haka ban haƙura ba. Na sa lambar takardar a shafin hukuma na intanet na duba, sunan Nawaf ya fito. Na ce ai na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka ba ta, na ɗauki hutun yini biyu muka tafi ofishin rajistar gidaje ni da shi. Muka ja lamba muka zauna tun safe har azahar. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama dogon bayanina da Larabcin jami'a, sannan ya juyo da fuskar na'urarsa ya ce in duba da idona. Layi ɗaya ne tak. Na tambaya ko za a iya mayar da gidan sunan Goggo. Abin da na fahimta daga bayaninsa shi ne akwai izinin da baƙo kan nema, amma da wuya mai irin iƙamarta ya cika sharuɗɗan, don a katin zamanta an rubuta ta mai aikin gida ce a ƙarƙashin Nawaf, haka aka yi bayan rasuwar mijinta don kada a ce ta fita. Na bi wasu masana biyu, duk maganar ɗaya ce. Aka ce sai dai a nemi wani ɗan ƙasar a mayar sunansa. Wa ke nan? Wanda ta shayar guda ɗaya ne. Zanen aro dai ba ya rufe katara, 'yata, ko da a hannun ɗanka ka aro shi.

Da muka fito Nawaf ya ce shi ke nan, a bar maganar. Zai ci gaba da zaman haya har ranar da Allah ya yi, ba zai tayar da Yumma don bango da rufi ba. Na yarda muka rufe. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ranar Juma'a bayan yara sun watse Goggo ta ce in zauna. Ta ce ɗan nemanta ya zo sau biyu bai gama tuwonsa ba, ni kuma tun da na taɓa takardar nan nake gaishe ta ina kallon tabarma. Ta ce ita ba ta yi boko ba amma ta yi shekara saba'in tana karatun fuska, in gaya mata gaskiya ko in daina shigo mata gida. Na gaya mata. Tambaya ɗaya ta yi: yaran Nawaf, har da babbar da ta fara zama budurwa, a ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannenta maza? Na ce e. Ta ce to a sayar.

Babu irin roƙon da ba mu yi ba. Nawaf ya durƙusa a tsakar gida yana kuka kamar yaro, ya ce to ta koma wurinsa, sabon gidan da ɗakinta. Ta ce masa ya tashi kada ya ɓata farar rigarsa, ita ta ba shi nono ne don ya miƙe, ba don ta hau wuyansa ba. Ta ce matarsa yarinyar kirki ce, kuma tana son su rabu tana yarinyar kirki. Ta ce kuma sabon gidan bene ne, tsohuwa mai daka daddawa ba ta zama a bene. Na ce ta dawo wurinmu a Manfuha, ta yi dariya ta ce ɗakin da ni da Hajar muke juyawa da ƙyar, ita a kan firji za ta kwana? Ta ce ƙasa ta kira, gara ta je da ƙafarta. Abin da bai fito daga bakinta ba, amma na sani, shi ne maƙabartar da aka binne mijinta da 'yarta ba ta da nisa da gidan. Kullum da la'asar takan bi ta jikin katangar ta yi musu addu'a ta dawo. Wannan ne za ta bari.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi cinikin. Wani mai gyaran mota ne ya saya, zai mayar da shi wurin kwanan ma'aikatansa. Nawaf ya rantse ko riyal ɗaya ba zai taɓa ba, duka nata ne, ya kuma cika. Mun ce ta zauna a gida, ta ƙi. Ta yi wanka, ta sa turare, ta ɗauko abayarta ta zuwa Idi, ta ce ba a sayar da gidan mutum yana kwance. A ofishin ta zauna a ɓangaren mata tana jira. Da aka kira lambarmu ta taso ta tsaya a bayan Nawaf. Ya sa hannu, mai saye ya sa hannu, abin bai kai minti goma ba. Sai na ga ta fito da babban yatsanta daga cikin mayafi, ta goge shi a gefen abaya, ta ce in tambayi malamin ina ne nata wurin dangwalawa. Na tambaya. Ya duba takardar, ya dube ta, ya ce cikin ladabi ba a buƙatar komai daga wurin Hajiya. Ta daɗe da yatsan a miƙe kafin ta mayar. A mota, da muka kusa Gubaira, ta ce ashe shekara goma sha shida baƙunta ta yi, Allah ya saka wa mai masauki da alheri.

Ga abin da nake nema a wurinki. An buga mata bizar fita ta ƙarshe, irin wadda ba a dawowa da ita. Jirginta zai sauka Yamai ranar tara ga Disamba. Ɗakin kakanki da ke gidanmu na gado a Maradi shi za a gyara mata, a duba rufin, a sa mata abin kamawa a banɗaki saboda gwiwarta. Kafin nan kuma ki ɗauki rana guda ki je ma'aikatar magajin gari da ofishin filaye, ki nemi a nuna miki abin da aka rubuta a kan gidan gadon nan: sunan wa, tun yaushe, ko akwai harajin da ake ɗauke wa mai zama a gidansa. Kada ki yarda da ai kowa ya sani. Ki gani da idonki, ki ɗauki hoto ki turo mini. In an sa ki jira, ki jira. In an ce ki dawo gobe, ki koma. Ke ce mai ilimin gidan yanzu, kuma ba zan iya jure a tayar da matar nan sau biyu ba.

Ki gaishe mini da Saidou, ki ce na gode tun kafin ya ɗauki wannan nauyi. Ki gaishe da Inna Mariamou da jiki, da Abdou da mutanen kasuwa, da 'yar autarki Biba, ki ce mata kaka na zuwa da alawa. Hajar tana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Nawaf ma ya ce in gaishe da 'yan'uwansa na Maradi, haka ya faɗa, ya kuma ce in tambaya ko ana samun irin man da take shafa wa gwiwarta a can.

Ki je Yamai da kanki, kada ki aika. Duk waɗanda ta sani da fuska a garinmu sun riga mu gidan gaskiya, muryarki kaɗai ta sani ta waya. Idan kin hango tsohuwa da baƙar abaya tana waige-waige, kada ki tsaya ɗaga hannu. Ki yi magana da ƙarfi tun daga nesa.

Wassalam. Naki har kullum,
Baffanki Rabilu.