Amsar da wayata ta ba Baba Hamadu

Garwa, Rumde Ajiya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Yaya garin Duwala, yaya ƙafar taka? Mu nan lafiya, Inna ma da sauƙi.

Yanzu ta intanet nake sayar da atamfofin shago: in sa hoto, a biya ta waya, mai moto, wato ɗan acaɓa, ya kai. Da ciniki ya yi yawa, sai na saita manhajar wayata ta riƙa amsa saƙo da kanta.

Ranar Juma'a ina masallaci, Baba Hamadu na garin Gider, aminin mahaifinmu, ya turo saƙon murya cewa matarsa ta rasu. Wayar ta amsa masa da Faransanci: barka da zuwa, ga farashinmu. Jikarsa ta karanta masa.

Washegari na je ta'aziyya. Ya karɓi hannuna ya ce, "Ɗan Malam, ai likkafani mun riga mun saya." Bai sake dubana ba.

Na kashe abin, na yi masa bayani, amma ni kaina bayanin bai gamsar da ni ba. Don Allah ka kira shi, ya ji muryar ɗan gidanmu.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Ibrahim