Dariyar da Na Yi a Bayan Ofis

Kaduna,
24 ga Agusta, 1975.

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da Malam Hadi da yara da duk mutanen Sabuwa. Ni ma lafiya lau nake, sai kewar tuwonki. Tunda kin gama ajin yaƙi da jahilci, ki karanta wannan da kanki, kada ki ba mijinki ya ƙara mata gishiri.

Kin aiko a tambaye ni wane aiki ne ya hana ni zuwa noma damina biyu. To, ina tare da masu yin fim ɗin majigi, wani lokaci kuma wasan talbijin. Kada ki ɗauka ina cikin masu magana. Mu ne masu cika wuri: in ana son kasuwa mu ne 'yan kasuwa, in ana son jana'iza mu ne masu ɗaukar makara. A wata guda na yi ɗan sanda, na yi majinyaci, na yi fasinja sau uku ban je ko'ina ba. Yawancin aikin jira ne a gindin mangwaro, sai rana ta yi yadda darakta ke so, a ce mu wuce ta gaban kyamara, a ce mu dawo mu sake.

Ga babban labari. Makon jiya na ji ana neman gonaki wajen Ƙanƙara don wani fim na takin zamani, sai na yi wuf na ce ni ɗan can ne. A gaban mota na kai su Mabai. Baba ya shiga ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya tsakiyar gonarmu ta bakin hanya riƙe da hauya, ko motsi bai yi ba har aka gama. Yaya, gonar ba ta yi kyau ba. Ƙuduji ya kama dawar, ciyawa ta kusa fin ta tsawo, da gani ba a yi maimai ba. Na ji kunya, amma darakta sai murna yake, ya fi daɗewa a nan fiye da ko'ina. Baba ya sa aka yanka musu kaza, kuma bai ce mini komai ba kan rashin zuwana.

Ki gaida kowa da kowa.

Ni ne ƙanenki,
Harisu.

Kaduna,
19 ga Maris, 1976.

Yaya Zulaihatu,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya ke da iyali. Ni jikina lafiya, amma kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya, abinci ma a tsaye nake ci.

Bari in faɗa miki yadda abin yake. Wata biyu bayan zuwanmu Mabai, aka tara mu kamar mutum ashirin a bayan ofis, aka ce mu dubi wata bishiya mu nuna ta da yatsa muna dariya. Haka aikinmu yake, ba a gaya mana dalili, mu ma ba mu tambaya. Dariyar ta ƙi fitowa, sai benci ya karye da wani a cikinmu, na tuntsire har da hawaye. Darakta ya ce tawa ta fi, ya matso da kyamara dab da fuskata. Ranar har tinƙaho na yi wa abokaina.

Ran Talata aka nuna mana fim ɗin bayan an haɗa shi. Labarin manoma biyu ne, ɗaya ya karɓi takin zamani ya cika rumbu, ɗaya ya yi taurin kai ya tashi a banza. Mai taurin kan nan Baba ne, Yaya, da farar rigarsa, cikin ƙudujin nan. Ana ɗauke hotonsa sai ga fuskata ta cika bango, ina nuna shi ina ƙyalƙyala dariya. Duk wanda ya gani zai rantse a bakin gonar nake tsaye.

Na je wurin darakta har sau biyu. Ya ce an riga an buga fim ɗin an rarraba wa motocin majigi, kuma wa zai gane wani tsoho a ƙauye? Na ce mutanen ƙauyen. Ya ce in yi haƙuri, wayar da kai ake yi.

Fim ɗin ba shi da murya. Wani Malam Barau ne ke bin mota, yana bayani da lasifika daga takardar da aka rubuta masa. Motarsa za ta yi Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, sannan Mabai, kafin ruwa ya sauka. Na roƙa an sa ni cikin masu ɗaukar kaya. Ban san abin da zan yi ba, amma ba zan iya zama a nan ba. Don Allah kada ki gaya wa Baba komai tukuna.

Naki,
Harisu.

Faskari,
8 ga Afrilu, 1976.

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Ki yafe mini. Na kwana biyu a Sabuwa ban tako gidanki ba. Na hango Malam Hadi cikin masu kallo, na ɓuya a bayan injin wuta kamar ɓarawon akuya. Na san ya zo ya gaya miki, na kuma san abin da kika ce.

Sau biyar ke nan ina kallon abin nan. Ni ke kafa farin ƙyallen da hannuna, ni ke ja wa inji igiya. Ko'ina daidai wurin mutane ke fashewa da dariya, don Malam Barau gwani ne, har muryar tsofaffi yake kwaikwaya. A Tafoki wani ya gane ni ya kawo mini rake, wai na ba shi nishaɗi. Na karɓa na yi godiya, me zan ce?

Na roƙi Malam Barau ya canza maganar in mun isa Mabai, ko ya sa hannu ya rufe hasken. Ya ce shi abin da aka rubuta yake karantawa, yana da iyali, kuma ko ya yi shiru hoto ba ya shiru. Na yi tunanin jefa fim ɗin a rijiya. Na yi tunanin hawa motar kasuwa in riga su isa gida in faɗa wa Baba da bakina, har na je tasha na dawo. Ta ina zan fara? Ni na kai su, ni na bar masa gonar shi kaɗai har ta zama abin nunawa. Saura kwana shida.

Ki sa ni a addu'a.

Harisu.

Mabai,
16 ga Afrilu, 1976.

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Malam Hadi da yara. Baba lafiyarsa lau, na fara da wannan don hankalinki ya kwanta.

Shekaranjiya da la'asar muka iso. Na shiga gida da niyyar faɗa masa, sai na tarar ya aika har Ketare an kira abokansa biyu su zo su gan shi a majigi. Ya sa an wanke farar rigar. Da kansa ya kai wa Malam Barau goro, ya gode masa da suke riƙe da ɗansa. Na ga Malam Barau ya dube shi ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na koma wajen kafa ƙyalle ban faɗa masa ba.

Bayan magariba garin duka ya fito bakin kasuwa, aka shimfiɗa wa Baba da baƙinsa tabarma a gaba. Da hotonsa ya fito mutane suka yi ta kiran sunansa suna murna. Nan ne ya kamata Malam Barau ya fara ba'arsa, sai ya yi tari, ya miƙo mini abin maganar, ya juya baya yana duba inji wanda lafiyarsa ƙalau. Kafin in ankara ga fuskata a ƙyalle ina nuna Baba ina dariya.

Ban shirya komai ba. Na ce wannan tsohon da kuka gani ba taki ya ƙi ba, hannu ya rasa. Na ce wannan mai washe baki kuwa ɗansa ne, ragon banza, wanda ya bar ubansa da hauya ya tafi birni yana tsayuwa a bayan mutane, shi ne abin dariya. Na faɗi abin da ya fi haka, lasifika na kai muryata har bayan gari. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya zauna har aka gama, ya raka baƙinsa, ya shiga ɗakinsa.

Da muka dawo daga sallar asuba ya tsayar da ni a zaure. Na ɗauka maganar hoton zai yi, na durƙusa na fara bayanin bishiya da benci, ya ɗaga mini hannu. Ya ce gonarsa a bakin hanya take, duk mai wucewa ya gan ta, majigi bai tona masa asirin komai ba. Ya ce amma damina biyu mutane na zuwa da maganata yana tare musu baki, yana cewa aikin gwamnati nake, kuma ba wanda ya isa ya kira ɗansa rago a gabansa. Sai ga shi an kira ɗan nasa rago a bakin kasuwa, da lasifika, a gaban baƙinsa, kuma ya rasa yadda zai yi ya rama mini, tunda ni na faɗa da bakina.

Yaya, ban taɓa sanin haka yake yi ba. Na yi kuka kamar ba namiji ba, shi kuma ya tsaya yana kallon ƙofa har na gama.

Motar ta wuce Ketare jiya ba tare da ni ba. Yau na fara sharar gonar. Ya zo ya tsaya daga nesa, bai ce in bari ba, bai kuma ce sannu ba. In kin samu hali ki zo, ko ya yi magana da ke.

Ni ne ƙanenki,
Harisu.